Waiwaye: Rosa Rio da Kiɗan da Ake Yi a Ƙarƙashin Allo

Waɗanda shekaru suka ɗan ja a cikinmu ba za su manta da zamanin da gidajen silima ke tashe ba. A Kano akwai Plaza da Orion da El Dorado da Palace, kuma kusan kowane babban gari a Arewa yana da nasa. Yawancinsu babu rufi, sai duhu ya shiga ake kunna na'ura. In muka tambayi kanmu abin da ya fi zama a zukatanmu daga finafinan Indiyan da muka kalla a wancan lokaci, da yawanmu za mu ce kiɗan. Ba ma jin yaren, amma da goge ya fara kuka mun san uwa za ta rabu da ɗanta, da ganga ta ɗau zafi mun san bos ya iso. Wannan kiɗan a jikin fim ɗin yake, tare aka naɗe su, tare suka ƙetaro teku. To amma an yi zamanin da fim ba shi da murya ko kaɗan. Duk sautin da 'yan kallo za su ji, wani ɗan'adam ne da ke zaune a ƙarƙashin allo yake yin sa nan take, da hannuwansa biyu da ƙafafunsa biyu. Yau ɗaya daga cikin waɗannan bayin Allah za mu waiwaya, wata Ba'amurkiya da duniya ta sani da suna Rosa Rio, wadda ta fara yi wa fim kiɗa tana yarinya ƙarama, ba ta kuma ajiye ba sai da ta haura shekara ɗari.

An haife ta a 1902, sunanta na yanka Elizabeth Raub, ta kuma girma a birnin New Orleans da ke kudancin Amurka, garin da kiɗa ya zame masa kamar gado. Tun tana 'yar shekara huɗu take taɓa fiyano. Tana wajen shekara goma wani mai ƙaramin gidan silima ya ba ta dama ta yi wa fim kiɗa a kan ladan santi biyar. Mahaifinta na jin labari ya je ya ɗauke ta daga kan kujerar, domin a ganinsa ɗiya mace mai mutunci ba ta da abin yi a irin wannan wuri. Burin iyayenta shi ne ta koyi kiɗa ta zama malamar makaranta, don haka da ta girma suka tura ta kwalejin Oberlin a jihar Ohio. Tana can ne wata rana ta shiga wani katafaren gidan silima a birnin Cleveland, ta ji ogan na silima a karo na farko. Ta sha ba da labarin cewa ba ta iya tashi ba da fim ya ƙare, sai da ta zauna aka sake nunawa don kawai ta ƙara jin wannan sauti, ta kuma fito da sanin abin da za ta yi da rayuwarta. Daga nan ta koma makarantar kiɗa ta Eastman a birnin Rochester, wadda George Eastman mai kamfanin Kodak ya kafa a 1921. A wannan makaranta yi wa fim kiɗa darasi ne mai zaman kansa, da malamai da ɗakin haska fim da ɗalibai ke gwada hannunsu a ciki.

Damuwar mahaifin nan ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mu ma mun taso a gidajen da ake son kiɗa amma ake gudun a ce ɗanka makaɗi ne, balle 'yarka. Ba don ƙiyayya iyaye ke yin haka ba, kishin mutuncin gida ne. Abin lura a labarin Rosa shi ne yadda ta bi da lamarin: ba ta ɗauki kiɗa a matsayin shashanci ba, ta shiga makaranta ta koye shi a matsayin ilimi, ta riƙe shi da mutunci har ƙarshen rayuwarta.

Sai mun san irin kayan aikin da ta zauna a gabansa za mu gane girman abin da ta iya. Ogan tsohon abin kiɗa ne na coci-cocin Turai, iska ake hurawa ta cikin bututai masu tsawo daban-daban, a da ma da zugazugi ake hura masa. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Robert Hope-Jones, wanda asalin aikinsa injiniyan wayar tarho ne, shi ya inganta dabarar haɗa madannai da bututai ta hanyar lantarki, yana fatan mutum ɗaya ya iya maye gurbin taron makaɗa gaba ɗaya. A 1910 kamfanin Wurlitzer ya sayi fasaharsa, ya kuma ci gaba da ƙera irin wannan ogan a masana'antarsa da ke North Tonawanda a jihar New York, har ya ƙera sama da 2,200. Makaɗi yana zama ne a gaban teburi mai lanƙwasa, da jerin madannai hawa biyu ko uku ko huɗu a gabansa, da wasu manyan madannai na katako a ƙarƙashin ƙafafunsa, ga kuma ƙananan harsuna masu launi-launi da yawan gaske da suka kewaye shi, kowane ɗaya yana buɗe wata murya. Su kuwa bututan, ɗaruruwa ko fiye da dubu, suna ɓoye a ɗakuna a bayan bango, dama da hagun allo, wani babban injin lantarki na can ƙasa yana tura musu iska. A cikin ɗakunan nan har da ganguna na gaske da kuge da ƙararrawa, da kayan kwaikwayon kukan jirgin ƙasa, da kukan tsuntsu, da sukuwar doki, da jiniya, da ƙarar igiyar ruwa. A manyan gidaje teburin kan wani inji yake, da lokaci ya yi sai ya taso da makaɗin daga rami a gaban allo, fitila na haska shi, jama'a na tafi. Da fim ya fara sai ya sake nutsewa ƙasa, ya koma cikin duhu.

A cikin duhun nan ainihin aikin yake. Wasu finafinan sukan zo da takardar da ke nuna irin kiɗan da ya dace da kowane wuri, akwai kuma littattafai da aka tara kiɗe-kiɗe bisa yanayi, na tsoro daban, na soyayya daban, na tsere daban. Amma sau da yawa makaɗi bai taɓa ganin fim ɗin ba sai a nunin farko. Idonsa na kan allo, yatsunsa na kan madannai, ƙafafunsa na aiki a ƙasa, kuma dole ya riga labarin isa inda za shi. Kafin ɓarawo ya leƙo ta taga, kiɗan ya riga ya sanar da zuciyar ɗan kallo cewa akwai wani abu. In jarumi ya zame ya faɗi, gangar ta faɗi tare da shi, ba kafin ba, ba bayan ba. In aka zo wurin mutuwa, ya san lokacin da zai sassauta, da lokacin da zai ɗauke hannu gaba ɗaya ya bar shiru ya yi magana. Haka za a yi ta yi tun daga rana har tsakar dare, nuni bayan nuni, kusan kullum. Babbar alamar gwani a wannan sana'a ita ce jama'a su manta da shi. In suka fita suna cewa fim ɗin ya sa su kuka, ba tare da sun tuna akwai wanda ya yi musu kiɗa ba, to ya yi aikinsa yadda ya kamata.

Dattawanmu da suka riski majigi sun san ɗan'uwan wannan aiki. A zamanin Turawa, har bayan samun 'yancin kai, mota kan shigo gari a kafa farin ƙyalle a fili ko a ƙofar fada, a haska fim kan tsafta ko noma ko kiwon lafiya. Wani mutum ne ke tsaye da lasifika yana bayani da Hausa, yana ba mutanen cikin hoton baki, yana saka barkwanci inda ya dace. In ya iya, fili ya kaure da dariya, saƙo ya shiga. In bai iya ba, yara su watse. Nawa ne a cikinmu za su iya kawo sunan ko da mutum ɗaya daga cikin masu wannan bayani? Sun yi aiki, sun faranta wa garuruwa rai, sun wuce ba tare da an rubuta su ba.

Elizabeth ta zaɓi sunan Rosa Rio ne saboda gajere ne, yana shiga allon tallan ƙofar silima ba tare da wahala ba. Ta yi aiki a Syracuse, ta yi a gidajen silima na kamfanin Loew's a yankin New York, sannan ta koma garinsu ta zauna a gaban ogan na gidan Saenger, wanda aka buɗe a 1927. Shekarunta 25, tana kan ganiyarta, sana'arta ma tana kan ganiya, domin gidajen silima dubbai ne a Amurka suka sa irin wannan ogan. A watan Oktoban wannan shekarar ne kamfanin Warner Brothers ya fito da fim ɗin The Jazz Singer, inda jama'a suka ji muryar Al Jolson tana fitowa daga allo yana waƙa, yana magana. Cikin shekara biyu zuwa uku gidajen silima suka sa lasifika, kamfanoni suka daina yin fim marar magana, dubban makaɗa suka wayi gari babu aiki. Ana cikin haka kasuwar hannun jari ta rushe a 1929, talauci ya mamaye ƙasar. Ƙungiyar makaɗan Amurka ta yi iya ƙoƙarinta, a 1930 ta shiga buga talla a jaridu tana roƙon jama'a su ƙi kiɗan na'ura su nemi na ɗan'adam, mutane da yawa kuma suka sa hannu. Bai hana komai ba. Mai gidan silima ya lissafa albashin makaɗi, ya lissafa kuɗin lasifika, ya zaɓi mai sauƙi.

Wannan ma mun gani da idonmu, ba labari aka ba mu ba. Ina masu buga tafireta da ke zama a ƙofar kotu da gidan waya suna rubuta wa mutane takardu? Ina masu wanke hoto a ɗaki mai duhu? Ina masu naɗar kaset a kasuwa, waɗanda in ka ba su sunan waƙa goma za su haɗa maka su a kaset ɗaya kafin la'asar? Babu wanda ya kore su da sanda. Zamani ne ya canza riga, ya bar su da tsohuwar a hannu. Yau kuma ga manhajojin kwamfuta da ke haɗa kiɗa da murya cikin 'yan daƙiƙoƙi, matasanmu masu aiki a situdiyo a Kano da Kaduna da Jos sun fara tambayar kansu irin tambayar da Rosa ta yi wa kanta a 1927.

Amsar da ta samu ita ce ta cancanci mu tsaya a kanta. Da yawa daga abokan aikinta sun ɗauka sana'arsu ita ce ogan na silima, don haka da aka rufe ogan suka ga tasu ta ƙare. Ita kuwa ta gane cewa abin da ta iya ya fi ƙarfin teburin da take zama a gabansa. Ta iya karanta yanayi, ta iya sanin abin da zuciyar mai sauraro ke bukata a wannan daƙiƙa, ta kuma iya samar da shi nan take ba tare da takarda ba. Wannan ba a jikin bututu yake ba, a kanta da yatsunta yake. Hausawa sun ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ta ci gaba da ɗan abin da ya rage a manyan gidajen silima na Brooklyn, inda ake kiɗa kafin fim da lokacin hutu, tana koyar da mawaƙa, tana ƙaro ilimin tsara kiɗa, har ƙofar rediyo ta buɗe.

A shekarun 1930 gidan rediyon NBC ya ɗauke ta aiki na wucin gadi, kafin a samu namijin da zai riƙe gurbin. Ta shekara 22 a wurin. Wasan kwaikwayo na rediyo a lokacin kai tsaye ake yin sa, babu naɗi, babu gyara. 'Yan wasa na tsaye a gaban makirfo da takardunsu, ita tana gefe a gaban ogan, galibi na lantarki irin wanda Laurens Hammond ya fito da shi a 1935, wanda ba ya bukatar bututu. Da an gama wani zance za ta sa kiɗan da zai haye da mai sauraro zuwa wani wuri ko wata rana. Da an faɗi wata magana mai tayar da hankali za ta soke ta da sauti ɗaya mai kaifi. Ita ta yi kiɗan shirin The Shadow a lokacin da matashi Orson Welles ke fitowa a matsayin jarumin wasan, ta kuma yi wa wasanni fiye da ashirin kiɗa, ciki har da na rana irin waɗanda kamfanonin sabulu ke ɗaukar nauyinsu domin matan gida, har aka yi mata laƙabi da sarauniyar waɗannan wasanni. A rana ɗaya takan yi shiri biyar zuwa bakwai, wani lokaci abin da ke tsakanin ƙarshen wannan da farkon wancan bai kai minti ɗaya ba, sai ta kwasa da gudu daga wannan ɗaki zuwa wancan. Har shirin kanta ta samu mai suna Rosa Rio Rhythms.

A silima tana yi wa hoto marar murya kiɗa. A rediyo sai ta koma yi wa murya marar hoto. Mu da muka taso muna kewaye akwatin rediyo da dare, muna sauraron Samanja da sauran wasannin Rediyon Kaduna, mun san yadda ɗan sauti kaɗan ke gina gari guda a cikin kan mutum. Ƙarar ƙofa, takun takalmi, ɗan kiɗan da ke raba fitowa da fitowa, su ne suke sa mu ga abin da ba mu gani ba. Sunayen 'yan wasan mun haddace su. Waɗanda ke bayan makirfo suna haɗa waɗannan sautuka kuwa, sai dai iyalansu da abokan aikinsu.

Rediyo ma ranarsa ta yi sanyi. Talabijin ya bazu a shekarun 1950, ya kwashe wasannin da masu tallan. Rosa ta bi su can, ta yi kiɗa a shirye-shirye irin su As the World Turns da Today. Da shi ma talabijin ya rage bukatar mai ogan, sai ta koma jihar Connecticut ta buɗe makarantar koyar da kiɗa, tana koyar da yara da manya, tana zuwa wasanni in an gayyace ta. Ƙofa ta uku ke nan da ta rufe a gabanta, ba ta kuma zauna zaman makoki ba. Mai koyarwa ba ya rasa aiki muddin akwai yaro mai son sani, kuma ilimin da aka zuba a kan wani ya tsira daga mutuwar mai shi.

A daidai wannan lokaci, duniyar da ta taso a ciki tana ta rugujewa. Manyan gidajen silima na tsakiyar birane sun zama kufai, aka rushe da yawa aka yi wuraren ajiye motoci da ofisoshi. Ogan da aka kashe dukiya wajen ƙera su, wasu an sayar wa coci, wasu an kai gidajen cin abinci, wasu an farfasa an sayar da ƙarfen a kilo. Cikin dubban da aka girka, 'yan ƙalilan ne suka rage a inda aka fara sa su. Finafinan kansu ba su tsira ba. An yi su ne a kan wani irin fim mai saurin kama wuta da saurin ruɓewa, kamfanoni kuma ba su ga amfanin adana abin da ba ya kawo kuɗi ba. Binciken da babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa cikin dogayen finafinai marasa magana kusan 11,000 da aka yi a ƙasar, kashi 70 cikin ɗari sun ɓace gaba ɗaya. Abin da ya hana asarar ta zama duka shi ne wasu mutane masu kishi da suka kafa ƙungiyar masoya ogan na silima a 1955. Ba attajirai ba ne, yawancinsu ma'aikata ne da 'yan fansho. Su ne suka riƙa shiga tsofaffin gine-gine suna kwance bututai ɗaya bayan ɗaya, suna share ƙura, suna sauya fatun da suka ruɓe, da kuɗin aljihunsu da ranakun hutunsu.

Idan ƙasar da ke da dukiya da ɗakunan adana tarihi ta yi irin wannan asara, mu fa? Ina faya-fayan da gidajen rediyonmu suka naɗa a shekarun 1960 da 1970? Ina kaset-kaset ɗin finafinan Hausa na farko-farko da aka yi a shekarun 1990? Zafi da ƙura da gara ba sa jiran kasafin kuɗi. Kowane gida a cikinmu akwai wani kwali ko tsohuwar akwati da ke ɗauke da kaset ɗin da watakila babu irinsa a ko'ina.

Da tsohuwar zuma ake magani. A shekarun 1980, da bidiyo ya shiga gidaje, wani kamfani mai suna Video Yesteryear ya fara fitar da tsofaffin finafinai marasa magana a kaset, sai ya tarar ba za su kallu ba in babu kiɗa. Aka duba, waɗanda suka yi aikin a zamaninsa saura kaɗan. Aka je wurin Rosa, tana da shekara tamanin da ɗoriya. Ta zauna ta yi wa finafinai fiye da 300 kiɗa, ciki har da The Phantom of the Opera da The Hunchback of Notre Dame. Abin da ta koya a Rochester shekara sittin da suka wuce, wanda kowa ya ce ya mutu a 1927, yana nan a yatsunta bai yi tsatsa ba.

A 1993 ita da mijinta Bill Yeoman suka koma jihar Florida, inda tsofaffin Amurka da yawa ke zuwa hutun ƙarshen rayuwa. Allah da ikonsa, a birnin Tampa akwai wani gidan silima da aka buɗe a 1926, wanda aka ƙawata rufinsa da ƙananan fitilu ya zama kamar sararin sama da dare. An rufe shi a 1973, saura ƙiris a rushe, mutanen gari suka tashi tsaye, hukumar birnin ta karɓe shi aka gyara. A cikinsa akwai ogan na Wurlitzer mai bututu wajen 1,400, wanda 'yan sa-kai ke kula da shi. Daga 1996 Rosa ta koma zama a gaban wannan ogan. Injin zai taso da ita daga ƙasa cikin ado da kwalliya, ta gaisa da jama'a, a kashe fitilu, ta yi wa fim kiɗa daga farko har ƙarshe, sama da awa guda ba hutawa. 'Yan kallonta jikoki ne da tattaɓa-kunnen waɗanda ta yi wa kiɗa a farkon rayuwarta. Ta daɗe tana ɓoye shekarunta, don ta san yadda ake yi wa tsoho kallon wanda ya gama amfani, sai a 2007 ta bayyana cewa ta cika 105. Wasanta na ƙarshe a wannan gida ta yi shi ne a 2009, tana da shekara 107. Ta rasu ranar 13 ga Mayu, 2010, saura 'yan makonni ta cika 108.

Tsawon rai na Allah ne, ba dabarar kowa ba ce, kuma ba kowane gwani ake ba shi ba. Wannan shi ya sa labarin ya shafe mu. Rosa ta yi nata, ta riƙe sana'arta da kyau a lokacin da babu mai nema. Amma da mutanen Tampa sun bar an rushe ginin nan, da 'yan sa-kai ba su gyara bututan nan ba, da wani bai ɗaga waya ya ce Mama zo ki yi mana kiɗa ba, da ta ƙare kwanakinta a ɗaki, iliminta ya bi ta kabari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gwani yana bukatar jama'ar da za ta dawo ta neme shi tun yana da rai.

Mu duba namu. Mun san Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, mun haddace waƙoƙinsa, amma kalangan da suka ɗauki muryarsa shekara da shekaru hannuwan mutane ne ke kaɗa su, kuma kaɗan ne a cikinmu suka damu su san su. Haka makaɗa da 'yan amshin Musa Ɗanƙwairo, haka matan da ke kaɗa ƙwarya a bayan Barmani Choge. Haka ma matasan da suka zauna a gaban fiyano a ƙananan situdiyoyi suka ƙirƙiro sautin da finafinan Hausa suka tashi da shi; muna rera waƙoƙin, muna sanin jaruman da suka hau kansu, mai kiɗan kuwa ko a rubutun ƙarshen fim ba ma tsayawa mu karanta sunansa. Wasu daga cikin waɗannan mutane suna nan da ransu, a unguwanninmu, wasu suna fama da ciwo, wasu sun koma noma ko ƙaramin kasuwanci, da ilimin da babu shi a kowane littafi.

Ga matashi mai sana'a, darasin Rosa a fili yake: ka koyi aikinka har ƙashinsa, kada ka tsaya a kan na'urar da ake yayi. Na'ura za ta tsufa, wata ta zo, amma kunnen da ya san daɗi, da idon da ya san kyau, da hannun da ya saba, naka ne duk inda zamani ya juya. Ga sauranmu kuwa, 'yan'uwa, aikin ya fi sauƙi, ya kuma fi gaggawa. Kusan kowannenmu yana da waya a aljihu mai iya naɗar murya da hoto. A nemi tsohon makaɗin unguwa, da tsohon ma'aikacin gidan rediyo, da tsohon mai haska fim, a gaishe su, a zauna a gabansu da ladabi, a tambaye su yadda ake yi, a naɗa, a rubuta sunayensu daidai. Masu shirya biki da taron makaranta da na al'adu su ba su wuri su nuna abin da suka iya, a kuma biya su haƙƙinsu. Yaron da ke da sha'awa a kai shi ya koya. Yabon da za mu yi musu ranar ta'aziyya, gara mu kai musu shi yau, suna ji, suna kuma iya koya mana.